Me Ya Sa Ake Ce Mata Ƙofar Dumi?

Tun da wuri ina ba da haƙuri, rubutun yau dogo ne. Wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare. Wanda kuma yake da jarrabawa gobe, don Allah tashi ka je ka yi karatu, kada gobe ka ce ni na kayar da kai.

A samistar da ta wuce ne wani abokin karatuna ɗan Katsina ya ce ya gaji da taliyar hostal, sai na kai shi gidanmu ya ci tuwo. Ranar Juma'a bayan an sauko muka hau Keke Napep daga Yelwa, muka sauka Wunti, muka tari wani. Na ce wa mai keken, “Ƙofar Dumi.” Gogan naka ya juyo ya ce, “Ƙofar ɗumi? Ɗumin zafi ko ɗumin surutu? Don in na surutu ne na ga alama tun a ajinmu.” Muka yi dariya har da mai keke. Na ce masa ai Dumi ne, babu lanƙwasa a kan harafin. Ya ce, “To, mene ne Dumi?”

Wallahi na buɗe baki na rasa abin faɗa. Shekarata 28, a unguwar aka yanke mini cibiya, digiri na biyu nake yi a fannin tsara birane, zan iya tsayawa gaban allo in yi awa guda ina zuba a kan yadda aka zana Abuja, amma sunan unguwarmu ya gagare ni. Shi kuwa Bakatsine ya samu abin da yake so. Ya hau lissafo mini nasu: Ƙofar Soro, Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Guga, Ƙofar Marusa, Ƙofar Durɓi, ya haɗa da hasumiyar Gobarau, har muka iso bai rufe baki ba.

Da muka shiga gida na wuce ɗakin Kaka, mahaifiyar babanmu. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, “Kaka, wai me ya sa ake ce wa unguwar nan Ƙofar Dumi?” Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Au, maigidan, duk bokon nan da kake kwasa ba a gaya maka ba? Dumi ai gari ne, can bayan ganuwa. Ta nan ake fita a je, ta nan mutanensu suke shigowa da itace da hatsi. Ƙofa ai ba ta cin sunan na ciki, sunan inda ta dosa take ci.” Ta ce in zauna ta ba ni labari. Na ce mata baƙo yana jirana a zaure, amma in an gama jarrabawa zan zo da waya in ɗauki muryarta. Ku riƙe wannan alkawarin, zan dawo kansa.

Tun daga ranar na shiga bin diddigi. Ga kaɗan daga abin da na tattara, musamman domin ku da kuka zo karatu Bauchi daga wasu jihohi, ba ku san komai a garin ba sai Yelwa, Gubi, Gwallameji, Wunti da tashar mota.

DA FARKO, ƘASAR KANTA

Duk wanda ya shigo Bauchi ta hanyar Jos ko ta Kano ko ta Gombe, abin da zai fara gani duwatsu ne. Garin yana zaune a kan tudu, sama da mita 600 daga doron teku, shi ya sa sanyin hunturunmu yake ba 'yan Sakkwato mamaki, zafinmu kuma bai kai na Azare ba. Fili ne shimfiɗaɗɗe, sai curin duwatsu nan da can kamar an dasa su. 'Yan ajin ilimin duwatsu sun san cewa akwai wani nau'in dutse da masana na duniya suke kira da sunan garin nan, wato bauchite, kuma Farfesa Oyawoye ne ya raɗa masa sunan. Ka ga dutsen da muke zama a kai muna shan rake yana cikin littattafan jami'o'in da ba mu taɓa zuwa ba.

Duwatsun nan su ne mabuɗin tarihin. Kafin a san wani gari Bauchi, akwai mutane a gindinsu da kansu: Gerawa, Jarawa da sauran al'ummomi, kowa da harshensa, kowa da dutsen da yake fakewa in an kawo hari. Tirwun da Inkil, waɗanda yau gari ya kusa haɗiye su, tsofaffin matsugunai ne. Wato ƙauyukan da muke rainawa a bakin gari, wasunsu sun girmi birnin.

MALAM YAKUBU DA GANUWA

Wanda ya kafa birnin shi ne Malam Yakubu ɗan Dadi, Bageri, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ya yi shekaru yana karatu a gaban Shehu, kuma cikin manyan masu tuta shi ake yawan ambata a matsayin wanda ba Bafulatani ba. Da ya dawo da tuta sai ya fara zama a Inkil, sannan a 1809 ya kafa garin da muke ciki. Ruwayar da kowane yaron Bauchi ya sani ita ce wani maharbi, Baushe, shi ya nuna masa wurin, yamma da dutsen Warinje, shi kuma ya saka masa da sanya wa garin sunansa. Akwai kuma masana da suke cewa kalmar Bauchi ta girmi garin, don tun da can Hausawa suna kiran yankin da ke kudu da ƙasarsu “ƙasashen Bauchi”. Har yau in muna alfahari cewa muke Bauchin Yakubu, kuma a tsofaffin taswirorin Turawa sunan garin ma Yakoba ne.

Yakubu ya kewaye garin da ganuwa mai tsawon kusan kilomita goma da rabi. Ku tsaya ku auna. Babu tifa, babu katafila, babu siminti. Ƙasa ce aka haƙa, aka kwaɓa, aka ɗora a ka, aka mulmula tubali da hannu. Kuma ba gidaje kaɗai ta kewaye ba, har da gonaki da rijiyoyi da filin kiwo, saboda in maƙiyi ya yi wa gari ƙawanya kada yunwa ta buɗe masa ƙofa. Ramukan da aka haƙi ƙasar gini su ne suka zama kududdufai, suna tare ruwan damina. Mu da muke karanta tsara birane da Turanci, wannan ai shi ne darasin farko, sai dai ba a rubuta shi a handawut ba.

Ƙofofin kuwa, gwargwadon wanda ya ƙirga maka, tara ne ko goma: Ƙofar Tirwun, Ƙofar Inkil, Ƙofar Dumi, Ƙofar Wase, Ƙofar Ran, Ƙofar Wunti, Ƙofar Nassarawo, Ƙofar Jahun, Ƙofar Wambai, da Ƙofar Idi. In ka dube su da idon Kaka, sai ka ga taswira ce. Tirwun, Inkil da Dumi maƙwabta ne na kusa. Wase kuwa tana can cikin Jihar Filato a yau, amma a ƙarni na 19 ƙarƙashin Bauchi take, wani Madakin Bauchi mai suna Hasan ne ya kafa masarautarta a wajen 1820. Wambai sarauta ce. Idi kuma hanyar filin sallah. Sunan kowace ƙofa yana gaya maka da wa garin yake hulɗa, wa yake kawo masa hatsi, wa yake kawo masa gaisuwa, daga ina kuma yake tsoron hari. Mu yanzu mun mayar da su sunayen tashar keke kawai.

Kada ku ɗauka Bauchi ƙaramar masarauta ce a gefen daula. A wajen 1827, lokacin da Shehu Laminu na Barno, wato El-Kanemi, ya taso da runduna ya shigo ƙasar Kano, Yakubun Bauchi ne ya tare shi ya mayar da shi baya. Kanawan ajinmu, ku rubuta wannan ku ajiye, kafin ku sake yi mana dariya don mun ce “motan” maimakon “motar”. Yakubu ya rasu a 1845, ɗansa Ibrahim ya gaje shi. A zamanin Ibrahim ne wasu malamai da suka baro ƙasar Kano ƙarƙashin Malam Hamza suka fake a duwatsun Ningi, suka haɗa kai da mutanen wurin, suka zame wa Bauchi da Kano ƙarfen ƙafa shekara da shekaru. Har sai da ta kai an mayar da zaman sarki Rauta na wani lokaci. Saboda haka in tsohuwa ta ce maka a da ana rufe ƙofa da faɗuwar rana, wanda ya makara ya kwana a waje, ba tatsuniya take maka ba.

A wannan ƙarnin ne kuma Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin da ya gina tsohon masallacin Juma'a na Zariya, ya gina gidan Madakin Bauchi a Kafin Madaki a wajen 1860. A 1956 aka sanya gidan cikin gine-ginen tarihi na ƙasa. 'Yan ajin zanen gine-gine, tsakani da Allah, mutum nawa ne cikinku ya taɓa zuwa? Ga shi nan a hanyar Ningi, kuɗin motarsa bai kai na datar wata ba. Amma Jamusawa biyu sun keto Sahara sun zo garin nan da ƙafarsu da raƙumansu, Eduard Vogel a 1855 da Gerhard Rohlfs a 1867, sun rubuta abin da suka gani.

ABIN DA BA MU SON FAƊA

A nan sai na yi gaskiya, don in ban yi ba rubutun ya zama kirari. Ganuwa fuska biyu gare ta. Ga na ciki garkuwa ce. Ga wanda yake kan dutse yana hangen ƙurar dawaki ta fito daga ƙofa, wani abu ne daban. An yi yaƙe-yaƙe, an kama bayi, an sayar da wasu, wasu an zaunar da su a gandaye suna noma. Cikin hannayen da suka ɗauki ƙasar ganuwar nan akwai waɗanda ba da son ransu suka ɗauka ba.

Wata 'yar ajinmu Basayiya daga wajen Bogoro ta taɓa ce mini, “Ku in an ce ƙofa kuna tuna hawan sallah, mu kakanninmu wani abu suke tunawa.” Raina ya sosu a lokacin, amma da na kwana na tashi na ga ba ƙarya ta yi ba. Dukkan labaran biyu na garin nan ne. In mu 'yan jami'a, da muke zama benci ɗaya muna kwafar nut ɗin juna, ba za mu iya sauraren juna a kan wannan ba, to 'yan siyasa za su ci gaba da ba kowa rabin labari lokacin zaɓe. Kuma ku lura, shi kansa harshen Geranci, harshen dangin wanda ya kafa garin, yau Hausa ta kusa shanye shi. Yara da yawa 'yan asalin Gerawa ko gaisuwa ba su iya yi da shi.

DAGA TURAWA ZUWA 1976

Sojojin Ingila sun shigo Bauchi a watan Fabrairun 1902, shekara guda kafin su ci Kano da Sakkwato, suka tuɓe Sarki Umaru. Daga ranar ganuwa ta rasa aikinta. Abin da ba ya tare bindiga mai ruwa, kuma babu sauran mahara, wa zai ci gaba da tara jama'a suna yi masa yaɓe bayan kowace damina? Ginin ƙasa kuwa kun sani, ranar da aka daina shafa shi ranar ya fara komawa inda ya fito.

Sai dai garin bai yi barci ba. A farkon shekarun 1940 a nan Bauchi aka kafa zauren tattaunawa inda matasa 'yan boko suke zama suna yi wa jami'an mulkin mallaka da na En'e tambayoyin da ba a saba yi ba. Cikinsu akwai Malam Sa'adu Zungur, da Malam Aminu Kano wanda yake koyarwa a Midil ta Bauchi a lokacin, da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. Duk wanda yake karanta tarihin siyasar Arewa ya san daga irin wannan zaman aka fara. Mafi yawansu a lokacin ba su wuce shekarunmu da yawa ba, wasu ma ba su kai ba. Ku tuna da wannan in kuna zaune a majalisa ana musun Arsenal da Chelsea har ƙarfe ɗayan dare.

Jirgin ƙasa ya iso Bauchi a 1961, kafin ya wuce Gombe ya kai Maiduguri a 1964, gyaɗa da auduga suka samu hanya, unguwar Railway ta cika da baƙi. A watan Janairun 1966 aka kashe Firayim Minista Tafawa Ɓalewa aka kawo gawarsa gida, kabarinsa yana nan ana ziyarta. Sai ranar 3 ga Fabrairun 1976 Janar Murtala ya ƙirƙiro Jihar Bauchi, garin ya zama babban birni. Ma'aikata suka kwararo, aka yanka tituna, aka buɗe kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a 1979, aka kafa jami'ar fasaha a 1980, wadda aka mayar wa sunan Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1988. Alheri ne babba, don ba don shi ba da ni da ku ba mu haɗu ba. Amma a wannan guguwar ce abin da ya rage na ganuwa ya ƙarasa narkewa. Wannan ya ɗebi ƙasa ya buga bulo, wancan ya ja katanga, wani ya cike kududdufi da shara ya aza harsashi. A layinmu, tun da aka cike ramin da ke bayan gidaje, duk watan Agusta sai mun kwana muna kwalfe ruwa da bokiti. Ruwa ai ba ya manta gidansa.

WANI ƘARAMIN GARI A JAPAN

Shekarar 1976 ɗin nan ita ta ja hankalina zuwa wani wuri mai nisa. A kwas ɗinmu na adana tsofaffin garuruwa an ba ni aikin gabatar da takarda a kan wani ɗan ƙaramin gari a Japan mai suna Tsumago. Da farko na yi tsaki, na ce ina ruwan biri da gada. Da na karanta sai jikina ya yi sanyi.

Tsumago yana cikin kwarin Kiso, a yankin Nagano, tsakanin duwatsu da dazukan katako. A zamanin da suke kira Edo, daga 1603 zuwa 1868, akwai wata babbar hanya mai suna Nakasendo da ta haɗa Kiyoto da Edo, wato Tokiyo ta yau. Zango 69 ne a kan hanyar, Tsumago shi ne na 42. Ku ɗauke shi kamar zangon fatake a hanyar Gwanja: masauki, abinci, dawaki, 'yan dako. Da zamani ya juya aka shimfiɗa layin dogo, jirgi bai tsaya a garin ba. Matafiya suka ɗauke ƙafa, samari suka tafi birni, gidajen katako suka fara ruɓewa.

A 1968 mutanen garin suka fara gyara tsofaffin gidajen. A 1971 suka yi wa junansu alkawari a rubuce kan abu uku: ba za a sayar ba, ba za a ba da haya ba, ba za a rushe ba. A 1976, shekarar da Bauchi ta zama babban birnin jiha, gwamnatin Japan ta sanya Tsumago cikin rukunin farko na unguwannin tarihi da doka ta kare. Yau an kawar da wayoyin lantarki daga babban layin, ba a barin mota ta bi shi da rana, baƙi suna zuwa daga ko'ina su taka tsohuwar hanyar ta kusan kilomita 8 zuwa maƙwabcinsu Magome, kuma duk ranar 23 ga Nuwamba mutanen garin suna yin jerin gwano da shigar kakanninsu.

Kafin wani ya ce na zo da irin surutun nan na “ku dubi ƙasashen waje”, a'a. Matsalarsu ba tamu ba ce. Su mutane ne suka yi musu kaɗan, mu wuri ne ya yi mana kaɗan. Su gidaje ne babu yara, mu yara ne babu ɗakuna. Mutumin da yake da 'ya'ya goma sha biyu a ɗaki uku, ba za ka ce masa kada ya ja katanga saboda tarihi ba. Ni kaina ɗakin da nake kwana, Baffa ya ce a kan tudun ganuwa aka gina shi. Ban isa in zagi kowa ba.

Abin da na ɗauko daga Tsumago guda ɗaya ne: jerin shekarun. 1968, 1971, sannan 1976. Mutanen gari ne suka fara, gwamnati ta biyo baya da shekara takwas. Kuma kafin su gyara ko ƙyaure ɗaya, sai da suka san me suke da shi: wane gida ne masaukin manya, wane ne na 'yan dako, wa ya gina, yaushe. Mu kuwa muna zaune muna jiran wata hukuma ta zo daga Abuja ta gaya mana sunan kakanmu.

UNGUWAR DA TAKE RAYE

Kada kuma ku ɗauka kufai nake ba ku labari. Ku zo Ƙofar Dumi da asuba ku gani. Kafin a sallame sallah hayaƙin masa ya tashi, yara sun yi layi da kwanuka, kuma duk wanda ya ci masar Bauchi ya san ba a haɗa ta da ta ko'ina. Almajirai suna wanke alluna, 'yan ga-ruwa suna tura kura cike da jarkoki ranar da famfon Gubi ya yi shiru, 'yan makaranta suna rige-rigen keke. Da hantsi teloli su tayar da injin, mai POS ya buɗe lemarsa, matan aure su aiko yara da tallan ƙuli da alewar madara. Da la'asar dattawa su shimfiɗa tabarma ƙofar gida, a nan ake sasanta rigimar gado da ta kwata tun ba ta kai gaban alƙali ba. Da dare teburin mai shayi ya zama majalisar dokoki. Ranar hawan sallah kuwa unguwa takan koma babu kowa, duk an tafi ƙofar fada.

Duk wannan tarihi ne, sai dai ba a rubuta shi. Gidan da ake ce wa gidan maƙera alhali yau babu maƙera a ciki, rijiyar da aka rufe da kankare amma har yanzu da sunanta ake kwatance, lungun da ake kira da sunan wata bishiya da aka sare tun kafin a haife ni: kowannensu shafi ne. Kuma duk littafin yana cikin kan wasu tsofaffi da ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

ALKAWARIN

Na ce zan dawo kan alkawarin da na yi wa Kaka. An gama jarrabawa, sai gyaran babi na biyu. An gama wannan, sai neman sa hannun sufabaiza. Kullum in na shiga gaishe ta sai ta ce, “Maigidan, ina wayar taka?” in ce, “Kaka, sati mai zuwa in sha Allah.” Ɗan abin da na tsinta a bakinta a tsaitsaye ne: cewa suna 'yan mata suna hawa ganuwa su hango gonaki, cewa da dare ana jin kukan kura daga wajen duwatsu, cewa ranar da jirgin ƙasa ya fara shigowa har da goyo ta je kallo, cewa ranar da aka kawo gawar Firayim Minista ba a ɗora tukunya a gidansu ba. Ta ce kakarta ta ga lokacin da ake rufe ƙofa, kuma ta san sunayen gidajen da suke tsaronta.

Wata biyu da suka wuce, ranar wata Talata ina cikin laburare, ƙanena ya kira ni. Kafin in iso an riga an yi mata wanka. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, ya jiƙan naku da suka rigaye mu. A wayata akwai lakcoci sama da talatin da na ɗauka, akwai muryoyin grup ɗin aji da ba su da iyaka. Babu ko minti ɗaya na muryarta. Sunayen gidajen nan kuwa sun tafi tare da ita.

Ba don a tausaya mini na rubuta wannan ba. Hutu ya kusa. Kowannenku zai koma wata unguwa ko wani ƙauye: Fagge, Tudun Wada, Kofar Fada, Gwadabawa, Misau, Dass, Biu, Zuru, ko'ina ne. Ina roƙonku abu uku, kuma babu wanda yake buƙatar tallafin bincike.

Na farko, nemi wanda ya fi kowa tsufa a gidanku ko layinku, mace ko namiji, ka sayi goro ko lemo, ka zauna a ƙasa, ka nemi izini, ka kunna waya. Kada ka tafi da takardar tambayoyi irin ta purojet. Tambaye shi kawai me ya sa ake kiran wurin da sunansa, su wa suka fara zama, me ke nan kafin a yi titi. Sauran zai zo da kansa.

Na biyu, ɗauki biro da takarda ka zana unguwarku: masallaci, rijiya, kududdufi ko inda yake a da, tsohuwar bishiya, gidajen sana'a, da sunayen da mutane suke kiransu da su, ba waɗanda aka rubuta a allon titi ba.

Na uku, in ka ji ruwaya biyu masu karo da juna, rubuta su duka. Kada ka gyara wa tsoho magana don ta dace da abin da kake so a ce game da danginku.

Ni dai na fara, ko da yake a makare. Asabar ɗin da ta wuce na zauna da wani dattijo maƙwabcinmu, abokin marigayi kakanmu, awa biyu da rabi. Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce, “Ɗan nan, shekara nawa ina zaune a ƙofar gidan nan, kuna wucewa da jakunkunanku kuna ɗaga mini hannu. Na zaci a makarantar taku an riga an gaya muku komai.” Asabar mai zuwa kuma zan fita ta inda ƙofar ta dosa, in je in ga Dumi da idona, in ji su kuma me suke cewa game da mu na ciki. Bakatsinen nan ya ce zai raka ni, wai don ya tabbatar ba ɗumin surutu ba ne. Duk wanda yake so ya zo, mu haɗu a Wunti ƙarfe takwas na safe. Kowa ya zo da kuɗin kekensa, masa kuma a wuyana.